An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amsa Kan Hannun Ƙofar Bayan Akori-Kura

  

A makon nan jakar tamu ta tara takardu da dama, amma uku na ware daga ciki, domin duk daga gabas suka fito, ɗaya daga Wurno, ɗaya daga Rabah, ɗaya daga Goronyo, kuma duk ukun kukansu ɗaya ne, wato ƙofar bayan akori-kura. Na san wani zai ce, haba Malam, duk abin da ya dami jama'a ka rasa na magana sai hannun ƙofar mota? To mai faɗin haka bai taɓa ganin buhun albasa ya fashe a kan kwalta ba, balle ya ga mutum ya faɗo daga bayan mota. Ni dai kun san malamin makaranta ne kafin in zo gidan rediyo, ba bakanike ba. Saboda haka da takardun nan suka iso, sai na ɗauki littafi da biro na tafi gareji, na share wuni guda a kan benci wurin wani dattijon bakanike da maƙwabcinsa mai gyaran bodi. Suka kwance ƙofa a gabana, suka mayar, na ce su sake, suka sake. Abin da na gani shi zan faɗa muku.

TAKARDA TA FARKO

Wannan ta fito daga Wurno, garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga wani manomi. Ga abin da yake cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da wata tsohuwar Hilux wadda nika kai albasa da tafarnuwa kasuwar Achida da ita. Hannun ƙofar baya ya daɗe shina lilo, shekaranjiya da na ja shi sai ya biyo hannuna. Yanzu ƙofa ta ƙi buɗuwa, ta sama muke jefa kaya. In na kai ta Sakkwato wuni ya tahi, ga kuɗin mai. Shin ina iya canza shi da kaina a gida?"

To Malam manomi, Allah ya ba da amfani mai albarka. Ƙwarai kuwa kana iyawa. Aikin bai wuce na awa ɗaya ko biyu ba in tsatsa ba ta yi gardama ba, kuma ba ya buƙatar lantarki ko wani inji. Amma bari in yi maka irin ta aji, mu fara sanin abu kafin mu taɓa shi.

Ƙofar nan da kake gani falle biyu ce, na waje da na ciki, a tsakaninsu akwai kogo. Cikin kogon akwai waɗansu siraran ƙarafa biyu, kaurinsu bai kai na biro ba, ɗaya ya nufi dama, ɗaya ya nufi hagu. Kowannensu ya je ya maƙale da sakata a gefen ƙofa, ita kuma sakatar tana cafke wani ɗan ƙarfe da ke kafe a jikin bodi, mu kira shi makama. In ka ɗaga hannu, sai ya jawo ƙarafan nan biyu zuwa tsakiya, su kuma su jawo sakatun, ƙofa ta saki. Ka ga ashe shi hannu ɗan aike ne kawai, sakatu su ke riƙe da ƙofa. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Kayan aikin da za ka tanada ga su: sukudireba biyu, mai bakin tauraro da mai faffaɗan baki, sifana lamba 10, domin galibi ita ke shiga notin hannu a motocin Japan, filaya, kananzir cikin gwangwani, tsohon buroshin haƙori, tsumma, giris kaɗan, da ɗan kwano na zuba kusoshi, don in sun faɗa cikin rairayi sai dai ka yi haƙuri. Sai kuma mutum ɗaya da zai taya ka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da fari ka sauke duk abin da ke cikin bodi, ko da buhu ɗaya ne. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, a sa wa taya dutse. Sannan ka hau cikin bodi ka durƙusa ka dubi ƙofar ta ciki. Za ka ga wani faifan ƙarfe mai tsawo an ɗaure shi da kusoshin murɗawa. Shi ne murfin kogon. Kusoshin nan sun sha ƙasa da ƙaiƙayi, saboda haka kada ka ɗora sukudireba tun ba ka sa tsinin ƙusa ka kwaƙule kawunansu ba, in ba haka ba sukudireba zai zame ya cinye kan, aikin awa ɗaya ya koma na wuni. Wadda ta ƙi motsi ka ɗiga mata kananzir, ko ka fesa mata man cin tsatsa irin su WD-40, ka ba ta kamar minti goma, ka ɗora sukudireba ka ɗan ƙwanƙwasa gindinsa, sannan ka danna da ƙarfi ka murɗa hagu. Waɗansu kanikawa man birki suke ɗigawa. Yana yi, amma ka sani man birki yana cin fenti, inda fenti ya tashi kuwa nan tsatsa za ta sauka.

In murfi ya fita, ga ƙarafan nan biyu a gabanka. Kafin ka taɓa su, ka ce wa mai taya ka ya duba sarƙa ko wayar da ke tare ƙofa in an sauke ta, ya tabbata ba a tsinke take ba, sannan ya dafe ƙofar ta waje da hannu biyu, ya ɗan tura ta ciki. A kori yara daga bayan mota. Kai kuma ka kama ƙarafan ka jawo su tsakiya a lokaci guda. Za ka ji ƙwas, ƙofa ta saki. Ya sauke ta a hankali. Yanzu ta zama maka tebur, sauran aikin a tsaye za ka yi.

Abu na gaba, ka ɗauki wayarka ka ɗauki hoton cikin kogon, sau biyu ko uku, ta kowane gefe. Wannan hoto shi ne malaminka wajen mayarwa. Ƙarshen kowane ƙarfe a lanƙwashe yake, ya shiga wani rami a bayan hannu, wani ɗan maƙalin roba ya rungume shi. Ba fizge shi ake yi ba. Juya maƙalin ake yi da bakin sukudireba ya saki jikin ƙarfen, sannan a zare ƙarfen daga rami. Maƙalan nan sun tsufa, suna iya marmashewa a hannunka, kada ranka ya ɓaci, za ka sayo sababbi. In ka ga ƙarshen ƙarfe yana da zare irin na noti, ka ƙirga zaren da ya fito ko ka sa masa alama da biro, domin a nan ake daidaita tsawonsa.

Daga nan sai notin da ke riƙe da hannu, yawanci biyu ne. Ka fara cusa tsumma a ƙarƙashinsu cikin kogo, don in noti ya suɓuce ya gangara can ƙasan ƙofa, zai yi ta yi maka ƙarar kacau-kacau har ranar da ka sayar da motar. Ka kwance su, ka tura ragowar hannun waje, ya fita.

Yanzu maganar saye. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux tun 1968, daga lokacin kuma an sauya mata siffa sau da dama, hannun wannan ba ya shiga waccan. Don haka kada ka aika da baki. Ka ƙulle tsohon hannun da gutsattsarinsa da maƙali ɗaya a leda, ka ba wani direba amintacce mai shiga Sakkwato, ya je wurin masu sayar da kayan mota a ɗora tsoho a kan sabo. A duba abu uku: tazarar notin biyu ta zo ɗaya, wurin da ƙarafa ke maƙalewa ya zo ɗaya, sannan in naka mai ramin mabuɗi ne a kawo mai rami. A kasuwa za a nuna masa iri uku, na kamfani sabo, da na cire wanda aka kwanto daga wata mota, da sabo mai araha wanda aka kwaikwaya. Dattijon nan ya ce mini shi a wurinsa na cire mai lafiya ya fi mai arahar nan, muddin an duba babu tsaga a gindinsa, kuma in an ɗaga an saki yana komawa da kansa. In an sami na ƙarfe, ya fi na roba jure ranarmu. A haɗo da maƙalai huɗu, biyu na aiki biyu na ajiya.

To Malam na Wurno, sabon hannu ya iso. Amma ajiye shi tukuna, kada ka ɗaura. Saurari takarda ta biyu, amsarta ita ce rabin aikinka.

TAKARDA TA BIYU

Wannan daga Rabah take, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Wata uwa ce ta sa jikarta ta rubuta mata. Ta ce: "Maigidana ya rasu ya bar muna akori-kura, da ita muke ci. Ɗana ka tuƙa ta, shina ɗaukar taki da shinkafa tsakanin Gandi da Rabah da Sakkwato. Cikin wata shida sau biyu ina ba da kuɗin hannun ƙofar baya, ga shi jiya ya zo da na uku. Shin yaron ga cuta ta shikai, ko masu sayarwa ka ba shi jabu? Wallahi raina ya fara ɓaci da shi."

Inna, Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari. Ina roƙonki ki dakata da zargi tukuna. Na karanta wa dattijon bakaniken nan takardarki, sai ya yi murmushi ya ce motar da ke cin hannu bayan hannu ba ta da ciwon hannu, ciwon sakata gare ta. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga yadda abin yake. Sakata mai lafiya da yatsa biyu ake jan ta. In ta bushe ta cije, sai mutum ya sa ƙarfinsa duka ya fizgi hannu, har ya dafa ƙafa a bamba. Ƙarfin nan kuwa gaba ɗaya a kan ɗan gindin hannu yake sauka, wurin da bai fi kaurin yatsa ba. Ki kawo sabo daga kamfani ki ɗaura a kan sakata mai cije, shi ma kwanansa ƙirge ne.

Me ke sa sakata ta cije? A ƙasarmu abu huɗu ne. Na ɗaya ƙura. Bayan mota shi ke shan ƙurar hanya fiye da ko'ina, in hunturu ya zo kuma ta ƙaru. Ƙura in ta haɗu da tsohon mai sai ta zama kamar ƙullun yashi, ta toshe sakata tana kuma goge ta. Na biyu, abin da ɗanki ke ɗauka. Takin zamani yana jan laima, kuma yana cin ƙarfe kamar gishiri. Kowane buhu yana zubar da 'yan ƙwayoyi, su gangara baya su shige sakata da kogon ƙofa. A ƙasan ƙofa akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwa ya fita, ƙaiƙayin shinkafa ya toshe su, ruwan damina ya kwanta ciki tare da taki, tsatsa ta samu gida. Na uku lodi. Irin waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, mu kuwa kin san abin da muke ɗora musu. In buhuna suka jingina da ƙofa, sai su danne sakata a jikin makama, ta ƙi zarewa, mai buɗewa ya huce a kan hannu. Na huɗu, ƙofa ta karkace, ko don hinji ya ci, ko don an taɓa ja da baya an doki wani abu, sai ya zama gefe ɗaya yana saki ɗaya yana riƙewa. A kan wannan duka ki ƙara rana. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan haura digiri 40, robar da ta shekara tana gasuwa a haka ƙarshenta ta yi ƙwari kamar busasshen ƙwarya.

Inna, ga gwajin da za ki gani da idonki, ba sai an ba ki labari ba. Ki sa a shimfiɗa miki tabarma a inuwa kusa da motar. Yaron ya buɗe murfin nan na ciki kamar yadda na bayyana wa Malam na Wurno, ya cire ƙarafa biyun daga jikin hannu. Sai jikarki, wadda ta rubuta takardar nan, ta zo ta ja na dama da yatsunta ta saki, ta ja na hagu ta saki. In ta iya ja, kuma kowanne ya koma da kansa, to sakatu lafiya lau, sai a binciki irin hannun da ake sayar masa. In kuwa ta kasa ja, ko ta ja ya ƙi komawa, to kin ga ɓarawon kuɗinki, kuma ba ɗanki ba ne.

Maganin ba shi da tsada. A tsoma buroshi a kananzir a goge sakatun, ana gogewa ana motsa su, har baƙin ruwa ya daina fitowa. In sun yi tauri ƙwarai a kwanto su a jiƙa cikin gwangwani su kwana. A goge da tsumma su bushe, sannan a shafa giris kaɗan a wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Na ce kaɗan, domin giris mai yawa gayyatar ƙura ne. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa a bar shi, datti ne a cikinsa. A sa tsinke a buɗe ramukan ƙasan ƙofa. In ɗan sifirin da ke mayar da sakata ya karye, to sai sabuwar sakata, babu dabara. A duba makama kuma, in ta yi sako-sako a ɗaure ta, in ta goce a sassauta notinta a daidaita ta da bakin sakata.

Kai kuma ɗan Inna, in kana saurare, ga naka. Duk abin da ya karye ka riƙa kawo wa tsohuwa gutsuren ta gani, hankalinta ya kwanta. Ranar da ka ɗauki taki ka share bodi ka watsa ruwa kafin ka kwanta. In za ka buɗe ƙofa da kaya a ciki, ka tura ta ciki da kafaɗa tukuna sannan ka ɗaga hannu. Wajen lodi kuma ka fara daga gaba, ka bar ko da tafin hannu ne tsakanin buhu da ƙofa.

Yanzu mu koma Wurno mu ƙarasa aikin da muka bari. Malam, ka ji abin da aka gaya wa Inna, kai ma ka wanke sakatunka ka shafa musu giris. In ka gama, sai ka goge gurbin hannu, ka shigar da sabon ta waje, mai taya ka ya riƙe. Ka ɗaura notin biyu da yatsu tukuna, ka duba hannun ya zauna daidai, sannan ka sa sifana, kaɗan a wannan kaɗan a wancan. Da ka ji ya kama ka tsaya. Ba taya kake ɗaurewa ba, in ka matsa da yawa za ka tsaga sabon hannu tun bai fara aiki ba. Ka sa sababbin maƙalai, ka dubi hoto, ka mayar da na dama dama na hagu hagu, ka juya kowane maƙali har ka ji ya rungumi ƙarfe. Don Allah kada ka ɗaure da waya a madadin maƙali, gargada za ta kwance ta. Ka tuna ka zare tsumman da ka cusa.

Kada ka mayar da murfi, kada kuma ka rufe ƙofa, sai ka gwada. Ƙofa tana buɗe, ka ɗaga hannu kana kallon sakatun. Dole su motsa tare, su koma tare. In irin mai baki ce wadda ke cafkewa, ka sa jikin sukudireba ka tura bakinta ya rufe, ka ɗaga hannu ka ga ta saki, kuma ka tabbata bakin a buɗe yake kafin ka tura ƙofa. In ɗaya tana riga ɗaya, ka daidaita tsawon ƙarfen a wurin zaren nan. In duk sun yi, ka rufe ƙofa a hankali, ka jijjiga kusurwar dama, ka jijjiga ta hagu, kowace ta kasance a kame. Ka buɗe ka rufe sau biyar. Sannan ka mayar da murfi, ka ɗan shafa giris a kusoshinsa don gaba. Shi ke nan, Malam, ka zama bakaniken ƙofarka.

TAKARDA TA UKU

Ta ƙarshe daga Goronyo, daga wani matashi yaron mota, ya kuma roƙi in sakaya sunansa. Ya ce: "Motar maigidana tsohuwar Fijo ce. Ita ba ta da hannu a tsakiya, maƙulli biyu gare ta gefe da gefe. Na hagu ya ɓace tun bara, na dama kuma shina kwancewa da kanai. Da igiya muke ɗaurewa. Ran Lahadi in an tashi kasuwa mutane har kan ƙofar suke zama, ni kuma a nan nika laɓewa. Ina jin tsoro, amma ban iya gaya mai."

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, tsoronka a kan hanya yake. Motar nan Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo. A Kaduna aka riƙa harhaɗa ire-irenta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, an kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000. Ka ga ke nan ko autarsu ta kai shekara ashirin ko ta doshi haka. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ƙarfe ma yana gajiya.

Gyaran irin taku ya fi na Wurno sauƙi, domin komai a waje yake, babu kogo babu ƙarafa. Akwai ma waɗansu tsofaffin Hilux masu irin wannan maƙulli. Shi maƙullin ɗan mariƙi ne da ke ɗauke da ƙugiya ko zobe, a saƙala a jikin bodi a danna mariƙin ya ja ƙofa ta matse. In yana kwancewa da kansa, to ɗayan biyu ne, ko fil ɗin da yake juyawa a kai ya ci ramin ya yi faɗi, ko ƙugiyar ta miƙe ba ta jan ƙofa sosai. A sayo biyu, a canza su tare, kada a haɗa sabo da tsoho. In da noti aka ɗaure na da, aikin sifana ne da kananzir, a gida za a yi. In kuwa wani ya riga ya like shi da walda, ko ƙarfen wurin ya ruɓe, to wannan ya fi ƙarfin gida, a kai wa mai walda ya yanke ya sa faci mai kauri ya huda. A duba sarƙoƙin gefe da hinjin ƙasa a lokaci guda.

Igiya kuwa, ta kai mota gida ce ranar da abu ya karye a hanya. Daga nan aikinta ya ƙare. Bakin ƙarfe yana cin ta a hankali, rana tana busar da ita, kuma ba ta sallama ranar da za ta tsinke. Ni ganau ne. Shekarar da aka fara tura ni koyarwa wani ƙauye, ran wata Juma'a na hau bayan akori-kura zan zo gida, da takardun jarrabawar 'yan ajina a cikin jaka. Ƙofar a ɗaure take da igiya, wani magidanci yana zaune a kanta da 'yar akuyarsa a hannu. Muka shiga gargada, direba ya taka rami, igiya ta ce fat. Ƙofa ta faɗi, buhuna uku suka bi ta, jakata ta bi su, mutumin nan ya sauka a kan kafaɗarsa. Takarduna dai na tsince su ɗaya ɗaya cikin gona. Shi kuwa bawan Allah ƙashin wuyansa ya karye, damina na tsakiya, gonarsa sai 'yan'uwa suka nome masa. Har yau in na ga ƙofa da igiya sai na tuna da fuskarsa.

Saboda haka Alhaji mai Fijo, da kai nake, da duk mai irin motarka daga Goronyo har Achida. Yaronka bai kai ƙararka ba, kunyarka yake ji. Kuɗin maƙulli biyu bai kai na buhun tafarnuwa ɗaya da zai faɗi a hanya ba, balle a yi maganar ɗauri da jinya. Ba sai jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, sun tare ka ba, amanar waɗanda ka ɗauko tana wuyanka. Kuma duk mun san halin da hanyoyinmu na gabas suka shiga a shekarun nan, ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Goronyo ba a watan Oktoba na 2021. Wanda ya taso daga kasuwa da la'asar sakaliya so yake ya isa gida da sauran haske, ba ya tsaya a daji yana tsintar albasa da fitilar waya ba. In an gyara ƙofa kuma, a hana zama a kanta. Don ta tare kaya aka yi ta.

To jama'a, lokaci ya cim mana. Malam na Wurno, in ka gama ka rubuto mana yadda aka kwashe. Inna ta Rabah, muna jiran sakamakon gwajin jikarki, Allah ya daidaita tsakaninki da ɗanki. Ƙanena na Goronyo, na faɗa a madadinka, saura kai ka tuna wa maigida cikin ladabi gobe da safe, kafin a yi lodi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran waɗanda takardunsu ba su samu shiga ba, ku yi haƙuri, suna nan cikin jaka. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.